Fankar Mota Mai Ƙin Tsayawa

Da bazara, wasu direbobin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram kan sa a haɗa fankar lagireto kai tsaye da wutar mota, alhali an ƙera ta ne ta tashi idan ruwan injin ya ɗau zafi, kuma wannan dabara tana ɓoye cuta ne kawai. Idan kuwa ba a yi wannan haɗin ba, fankar da ta daɗe tana juyawa bayan kashe mota, galibi rile ne ya maƙale, wato makunnin da ke ba ta wuta, ko sensa mai auna zafin ruwa ta lalace. Ya kamata mai gyara ya fara musanya rilen da irinsa, sannan ya duba sensar da ruwan lagireto, kafin batir ya mutu.