Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Tsara Fasahar Sadarwa



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da wakilansu, shugaban wannan cibiya da malamanta, iyayen yara, 'yan jarida, manyan baƙi maza da mata, sai kuma ku da aka taru dominku, ɗalibanmu da ake yayewa a yau, ina yi muku barka da wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ita lafiya. Ina gode wa hukumar wannan cibiya da ta ga dacewar in tsaya a gabanku. Ina kuma taya iyaye murna, don su suka san abin da aka kashe, daga kuɗin makaranta zuwa kuɗin mota da na data, kafin a zo wannan matsayi. Allah ya sa ku ci moriyar wahalarku.

'Ya'yana ɗalibai, kun koyi tsara fuskar manhaja, da zaɓen launi da haruffa, da shirya saƙo yadda zai isa inda aka aike shi, da binciken masu amfani da abin da kuka tsara. Maganata gare ku guda ɗaya ce. Mutumin da kuke tsara wa abu yana da haƙƙi biyu a kanku: kada ku tsara masa ba ku tambaye shi ba, kada kuma ku tambaye shi ba da izininsa ba.

Mu fara da haƙƙi na farko. Duk wanda ke ɗakin nan ya tuna farkon shekarar 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, aka tura kowa ga waya da katin banki. Wanda ya tsaya a rumfar mai POS a waɗancan kwanaki ya ga abin da nake nufi. Tsohuwa ta kwance gefen zani, ta ciro kati, ta miƙa wa yaro, sannan ta faɗa masa lambar sirrinta da ƙarfi a gaban layi. Saƙo ya shigo wayarta da Turanci, ta miƙa wa na kusa da ita ya karanta mata nawa ya rage. Sirrin da aka gina tsarin don karewa ya tone tun kafin a danna komai. Wannan baiwar Allah tana riƙe da lissafin adashin mata ashirin a ka, ba ta taɓa kuskure ba. Wanda ya zauna ya tsara abin ne bai taɓa kawo irinta a ransa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura ta nakasa. Ku ƙara da dattijon da idonsa ya yi rauni, da wanda ya iya ajami bai iya boko ba, da mai ƙaramar waya, da wanda sabis ke ɗauke masa da ya fita gari. Idan kun haɗa su, za ku ga su ne mafi yawan jama'ar da za ku yi wa aiki. Makaho yana amfani da waya ta hanyar manhajar da ke karanta masa allo da murya. In kun bar maɓalli babu suna, manhajar ba ta da abin faɗa masa, bai san ko na tura kuɗi ne ko na fasawa ba. Kurma yana buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo. Wanda ba ya bambance ja da kore yana buƙatar wata alama ban da launi. Waɗannan duk gyara ne na 'yan mintoci in an tuna da su tun farko. Kuma doka ta riga ta yi magana: a watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman a Najeriya.

To, ta yaya za ku san abin da mutum ke buƙata? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku fita daga ofis, ku je kasuwa da tasha da zaure. Sai dai ku lura da halin mutanenmu na kara. In ka nuna wa dattijo aikinka ka ce, “Baba, ya yi kyau?” zai ce, “Madalla, Allah ya yi albarka,” ko da bai gane komai ba, don ba ya son ya kunyata ka. Saboda haka ku ba shi wayar, ku ce ya tura wa ɗansa naira dubu, ku yi shiru ku kalli yatsansa. Inda ya tsaya yana jujjuya wayar, nan gyaranku yake. Kuma in binciken ya shafi matan aure a cikin gida, mace za ku tura, in ba haka ba rabin gari kawai kuka ji.

Haƙƙi na biyu ya fi nauyi, kuma mu a Arewa mun san shi a jikinmu. A shekarar 1996, annobar sanƙarau ta ɓarke, ta ci dubban rayuka. A tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganin ba. Iyaye kuwa suka ce babu wanda ya bayyana musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Kuɗi bai dawo da yarda ba. A 2003, da aka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano, labarin 1996 yana cikin abubuwan da jama'a ke kafa hujja da su. Sai a tsakiyar 2004 aka ci gaba da rigakafin, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mai bincike ɗaya in ya ci amana, duk wanda ya zo bayansa sai ya tarar da ƙofa a rufe, ko da alheri ya kawo.

Wataƙila wani ya ce shi ba allura yake yi ba, tambayoyi kawai yake yi. A 2012 kamfanin Facebook ya shafe mako guda yana sauya irin labaran da mutum kusan 689,000 ke gani, don ya auna ko ransu zai ɓaci ko zai yi daɗi, ba tare da ya sanar da su ba. Da aka wallafa sakamakon a 2014, duniya ta yi caa. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma an yi wasa da zukatan mutane. Muryar da kuka naɗa, da hoton da kuka ɗauka, da lambar wayar da kuka rubuta, duk amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Don haka ku riƙe waɗannan. Ku bayyana wa mutum ko ku su waye, da abin da za ku yi da maganarsa, a harshen da yake ji. Dangwala yatsa a kan takardar Turanci da ba a karanta masa ba, ba yarda ba ce. Izinin mai unguwa ko na maigida yana buɗe muku ƙofa, amma ba ya maye gurbin izinin wanda za a yi wa tambaya. Ku gaya masa yana da damar ya ce a'a, ko ya tashi a tsakiyar hira, kuma babu abin da zai rasa. Kada ku bari ya zaci sunansa kuke rubutawa don rabon tallafi. Ku biya shi lokacinsa daidai gwargwado, ku ɓoye sunansa, in kun gama kuma ku koma ku gaya masa abin da aka samu.

Ina roƙon hukumar wannan cibiya da ta tabbatar babu binciken ɗalibi da zai fita sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike. Ina kira ga bankuna da ma'aikatun gwamnati da su ɗauki waɗannan matasa aiki, su kuma ba su lokaci da kuɗin gwada abin da suka tsara da jama'a kafin a sake shi.

Ku kuma 'ya'yana, ranar da maigidanku a wurin aiki zai ce babu lokacin neman izini, ku gaya masa cikin ladabi cewa ba haka aka koya muku ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku aiki na halal, ya sa iliminku ya amfani jama'a. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.