Inda Riga Take Fara Yagewa

Shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An ba ni damar yin tsokaci a kan shawarar ɗinka wa marayun makarantarmu kayan makaranta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba tela ba, amma na taɓa ɗanɗana abin da zan yi magana a kansa. Muna aji biyu hantsar wandona ta yage a filin taron safe. Wandon ke nan ɗaya tilo gare ni, kunya ta sa na yi kwana uku ban shiga aji ba. Wasunku na gani suna murmushi, sun tuna.

Yadin bai tsufa ba, ɗinkin ne ya saki. Tufa tana da wuraren da suka fi shan wahala: hantsar wando, bakin aljihu, hammata, da saman tsagar riga. A nan ake ja, a nan kuma ɓarna take farawa.

Maganin ba wuya. Tela ya bi hantsa da hammata sau biyu. A kusurwar aljihu da saman tsaga ya kai keke gaba ya dawo baya sau uku ko huɗu, bayan ya sa ɗan ƙyalle ta ciki. Kada dai ya cika sukar wuri ɗaya, don allura tana cin yadi. Keken Butterfly ko Singer na ƙafa ya isa, ba sai da lantarki ba.

Wannan dabara ba ƙarama ba ce. A 1873 wani tela a Amurka, Jacob Davis, shi da Levi Strauss suka yi rajistar sa ƙusoshin tagulla a kusurwar aljihu, daga nan wandon jins ya samo asali. Iyayenmu ma sun san haka, shi ya sa suke yi wa babbar riga shafi.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, duk telan da za a ba aikin nan, a Anka ne, ko Gummi, ko Bukkuyum, a rubuta masa wuraren nan huɗu cikin yarjejeniya. A ƙara masa ɗan abin zare, sannan mutum biyu su juya kowace riga su duba kafin a biya. Rigakafi ya fi magani. Kada yaron da muka tufatar ya rasa darasi saboda zaren da bai kai taƙi ɗaya ba.