Kotun Soja ko ta Farar Hula: Abin da Guantanamo Ta Nuna



A Nuwamban 2001, wata biyu bayan harin 11 ga Satumba, Shugaba George Bush ya sa hannu kan umarnin kafa kotunan soja na musamman domin baƙin da ake zargi da ta'addanci. Hujjojinsa biyu ne: wai kotun farar hula tafiyar hawainiya gare ta, kuma asirin ƙasa zai tonu a gaban lauyoyi. Ra'ayina shi ne, abin da ya biyo baya ya rushe hujjar farko, ya kuma raunana ta biyu.

Mu ɗauki Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin. An kama shi a Rawalpindi a 2003, aka gurfanar da shi a kotun soja ta Guantanamo a 2008, aka sake gurfanar da shi a 2012, sannan shari'ar ta maƙale a muhawarar share fage shekara da shekaru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 2006 Kotun Ƙolin Amurka ta soke tsarin farko a shari'ar Hamdan, sai majalisa ta yi sabuwar doka, ta sake gyara ta a 2009. Uwa uba, jami'an CIA sun yi wa Khalid azabar kwarara ruwa a fuska har sau 183, don haka duk furucin da ya yi daga baya sai an yi jayayya a kan halaccinsa. Ku kwatanta wannan da Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan ƙasarmu da ya yi yunƙurin tarwatsa jirgi a sararin Detroit a Disambar 2009. Kotun tarayya ce ta saurare shi, ya amsa laifi a 2011, a Fabrairun 2012 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Batun asiri ba abin rainawa ba ne, amma tun 1980 Amurka ke da dokar da ta ba alƙali damar duba bayanan sirri a keɓe, kuma da ita aka yi shari'ar Zacarias Moussaoui, wanda aka tuhuma da hannu a harin 11 ga Satumba, a kotun farar hula. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta shari'ar Ahmed Ghailani, wanda aka tuhuma kan harin ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya. A 2010 masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun wanke shi daga tuhuma 284, suka kama shi da ɗaya tak. Masu son kotun soja suka ce saura ƙiris ya kuɓuta. To, me ya jawo haka? Alƙali ya hana babban shaida magana ne saboda ta hanyar gallaza wa Ghailani aka gano shi, wato ɓarnar tun a ɗakin tambayoyi aka yi ta. Duk da haka tuhuma ɗayan nan ta jawo masa ɗaurin rai da rai, kuma hukuncin ya tsaya a ɗaukaka ƙara, alhali na Hamdan da na David Hicks, waɗanda kotun soja ta yanke, duk an soke su daga baya.

Abin takaici, a daidai lokacin shari'ar Ghailani ne majalisar Amurka ta hana kashe kuɗin gwamnati wajen kai fursunonin Guantanamo cikin ƙasar, har gwamnatin Obama ta janye shirinta na yi wa Khalid shari'a a New York a 2011.