Garin Jan Ƙarfe da Amfaninsa a Masana'antu



Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, ya tarar ana narka shi ana yin sanduna, ana ciniki da su kamar kuɗi, ana kuma kai su Gobir da Barno. A nan ƙasar Katsina ma, tonon da aka yi a kushewun Durɓi ta Kusheyi a 1907 da 1992 ya fito da mundaye da tasoshi na tagulla. Amma duk wannan aikin narkawa ne da zubi. Abin da za a duba yau shi ne wata hanya dabam, watau sarrafa shi yana gari.

Hanya biyu aka fi bi wajen yin garin. Ta farko, a narka jan ƙarfen, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, a tsiyayo shi siriri, a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, sai ya tarwatse ya daskare ƙanana-ƙanana. Ta biyu, a sa wutar lantarki cikin ruwan sinadari mai ɗauke da jan ƙarfe, sai garin ya taru jikin faranti a kankare. Daga nan sai a zuba shi a mazubi, a danne da inji, a gasa shi da zafin da bai kai na narkewa ba, har ƙwayoyin su manne da juna.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Wanda ya tsaya bakin Ƙofar Kwaya ya dubi motocin da ke shiga da fita, ya ga amsar. Burushin da ke cikin injin tayar da mota, da garin jan ƙarfe da baƙin fensir ake yin sa. Haka kuma ana sa garin cikin fatun birki da na kuloci, domin yana janye zafi. Mafi ban sha'awa shi ne zoben da sandar fanka ke juyawa a ciki. Ana haɗa kashi 90 na jan ƙarfe da kashi 10 na kuza, a bar ƙananan ƙofofi a jikinsa da gangan, a tsuma shi da mai. In sandar ta juya ta yi zafi, man ya fito. In ta tsaya, ya koma. Kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da irinsa a 1930. Zubi ba ya iya ba da wannan.

Abin lura a nan shi ne, kuza na nan a tsaunukan Jos, tsofaffin wayoyin lantarki kuwa suna hannun 'yan gwangwan a kowane gari. Ana sayar da su da awo a kan araha, sa'an nan a sayo kayan gyara daga waje da tsada. Masana'antar murza ƙarfe da aka buɗe a Katsina a 1982 ta dogara ne a wancan lokaci ga ɗanyen ƙarfen da ake kawowa daga nesa, alhali kuwa kayan wannan sana'a suna kusa. Abin da ya rage shi ne ilmin tace su, da wutar lantarki tsayayya. Na farko yana wuyan ɗalibai da malamansu, na biyu kuwa yana wuyan ma'aikatan da ke tsara ayyukan gwamnati.

Allah ya sa a dace, amin.