Motar Kwali da Motar Kara

 

Ku 'yan kasuwa masu ɗauko kayan wasan yara daga Kwatano ko Lome, wani lokaci a cikin kaya kukan ci karo da kwali mai hoton tirela ko jirgin sama a bayansa. In ka buɗe sai ka ga babu mota babu jirgi, sai ƙananan guntayen roba manne a jikin firam, da takarda cike da zane da lambobi. Wani sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da fasasshen kaya. To Alhaji, kayanka lafiyarsu ƙalau. Da gangan aka yi su haka, domin mai saye ya zauna ya haɗa da hannunsa. A Turai da Japan manya da yara suna kashe makonni a kan kwali ɗaya, kuma harkar tana da manyan kamfanoni.

A Ingila akwai Airfix, wanda wani mutumin Hangare mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939. A 1949 suka yi ƙaramin samfurin tarakta ƙirar Ferguson, daga baya suka riƙa sayar da ita a warwatse saboda hakan ya fi araha. A 1953 suka fito da jirgin yaƙi Spitfire. A Japan akwai Tamiya a garin Shizuoka, wanda ya faro da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma roba. A Italiya kuma akwai Italeri, masu yin kan tirela irin su DAF da Scania da Volvo, motocin da kuke gani kullum a kan iyaka.

Abin da ya raba wannan kaya da sauran kayan wasa shi ne lambar da ke jikin kwalin. Za ka ga an rubuta 1:24, ko 1:35, ko 1:72. Ma'anar 1:24 ita ce an raba kowane awo na motar gaske gida 24 an ɗauki ɗaya. Tsawonta, faɗinta, tayarta, har madubinta, duk da lissafi guda. Motar da tsawonta ya kai mita 12 za ta dawo santimita 50. Tayar da tsayinta mita ɗaya ne za ta dawo santimita huɗu da 'yan kai. Jirgin Spitfire, wanda fukafukansa suka ɗan haura mita 11, a 1:72 bai wuce taƙin hannu ba. Ka lura da wannan, mai saye da mai sayarwa: duk lokacin da lambar ta ƙaru, abin ƙanƙancewa yake yi. Mota ɗaya a 1:72 ta fi ta 1:24 ƙanƙanta har sau uku, kuma guntayenta sun fi wuyar kamawa.

Yadda ake haɗawa kuwa sai da haƙuri. Kowane gunta yana da lambarsa, takarda kuma tana nuna wanda ke bin wani. Ana yanko gunta ɗaya a lokacin da ake buƙatarsa, a kankare gefensa, a gwada shi a gurbinsa ba gam, sai an ga ya zauna sannan a ɗiga. Gam ɗin nasu narkar da fuskar robar yake yi har biyun su zama ɗaya, shi ya sa in ka zuba da yawa sai ya cinye wurin, in kuma ka manna a karkace to ya karkace ke nan. Daga nan sai fenti, sai 'yan tambura da ake jiƙawa a ruwa a zame su a jikin motar.

Yanzu ku dawo gida. Wa ya taso a ƙasar nan bai ga motar kara ba? Bayan girbi yara kan ɓare karan dawa, su ɗauki totuwar cikinsa su yi gangar jiki, su soke ta da tsinken ɓawon a madadin ƙusa. Wasu da gwangwanin madara suke yi, wasu da waya, su yanko taya daga tsohon silifa, su sa doguwar sanda ta sitiyari. A ruga kuma yaro kan zauna bakin tafki ya gina shanun laka, kuma in ka duba da kyau za ka gane wace ce bunaji, wace ce rahaji mai dogon ƙaho. Wannan yaro babu wanda ya ba shi takarda ko lamba. Da ido ya auna. Aikin da Bature ke biyan kuɗi ya yi, rabinsa kamfani ya riga ya yi masa, ɗanka kuwa shi ne mai zane, shi ne mai yanka, shi ne mai haɗawa.

Abu ɗaya ne motar kwali ta fi ta kara, wato awo. Kuma wannan za ka iya koya wa ɗanka ba da ko sisi ba, da igiyar da ke ratayenka. Ranar kasuwa, in gingimari ta tsaya an kashe inji, ku nemi izinin direba. Ku ja igiya daga goshin motar zuwa bayanta, ku sa alama. Sai ku naɗe wannan tsawon gida uku daidai, sannan ku ninka shi biyu, ku sake ninkawa, ku kuma sakewa. Uku sau biyu shida, sau biyu 12, sau biyu 24. Abin da ya rage a hannunka shi ne tsawon motar a 1:24, daidai da na kamfani. Ku yi haka wa faɗi, da tsayi, da taya, ku yanke kara a kan kowane awo. Motar da za ta fito, duk wanda ya gan ta zai ce wannan ai motar wane ce. Yaron kuwa ya yi rabawa da ninkawa ba tare da alli ba, kuma lissafin nan shi ne na taswira, shi ne na zanen gini, shi ne na tela.

Kada ku ɗauka abin ya tsaya ga yara. Manyan kamfanonin mota har yau sukan sassaƙa sabuwar ƙira da wata irin laka, a fara da ƙarama sannan a yi mai cikakken girma, kafin a taɓa ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Ditiroyit a Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da General Motors. Shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Ba kowane mai motar kara zai zama Jelani ba, amma bakanike da kafinta da mai walda duk daga irin wannan hannun suke fitowa.

Sai gargaɗi, kuma ku riƙe shi da kyau. Guntayen kwali ƙanana ne, ɗan ƙasa da shekara uku zai iya haɗiyewa ya shaƙe, don haka a nisanta su da masu rarrafe. Gam da fenti suna da ƙauri mai juya kai, a yi aiki da su a fili inda iska ke kaɗawa, kuma gam ya zauna a hannun babba. Kowa ya san ɓarnar da shaƙar sholisho ta yi wa samari, kada wasa ya zama ƙofa. Reza da gefen gwangwani suna yanka, a nuna wa yaro ya riƙa yanka yana ture wuƙar daga jikinsa. Ku 'yan tebur, kada ku shanya kwalin a rana tsaka ko ku bar shi a gaban mota, zafi na lanƙwasa robar har guntaye su ƙi shiga juna. Kafin ka saya, duba ko ledar ciki a rufe take kuma takardar na nan, domin kwalin da ya rasa takarda ko firam ɗaya asara ce.

Ku iyaye, na san kiwo ba ya jira, kuma yaron da ya shagala da kara har dabba ta faɗa gonar mutane ya jawo magana babba. A yi masa faɗa a kan sakacin, a ware masa lokaci bayan an ɗaure dabbobi ko an tashi daga makaranta. Amma kada a take motar da ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ɗauki motar ka juya ta, ka tambaye shi me ya sa tayar baya ta fi ta gaba girma, ka miƙa masa igiya ya je ya auno.

Duk wanda ɗansa ya gwada awon igiyar nan, ya aiko mana da labari ta hannun direbobin layinku, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya, ya shirya mana zuri'a. Sai wani makon in Allah ya kai mu.