Yadda Mai Gona Zai Gane Ko Dokarsa Ta Feshi Tana Aiki

Maganarmu ta yau da manyan manoma ce, masu ɗaukar samari aikin feshi, musamman na wajen Gwangwan da sauran ƙasar Rogo da Ƙaraye. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa cikin 1992, noman rani ya ƙaru a wannan yanki, watau feshi ya zama na rani da damina.

Da yawa cikinku kun kafa wa yaranku doka: a sa safar hannu, a rufe hanci, kada a ci goro ana feshi. Madalla. Amma in an tambayi mai gona ko dokar nan tana aiki, sai ka ji ya ce, "Ai bana ba wanda ya mutu." To, wannan ba awo ba ne. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya ba sai an sha shi ba, ta fata ma yana shiga, kuma tun kafin ya ka da mutum ya kan ba da alama: ciwon kai, da jiri, da dalalar yawu, da gumi, da amai, ƙwayar ido kuwa ta ƙanƙance. Yaron da ya ji haka ba ya faɗi, don tsoron kada gobe a ɗauki wani. Sai ya sha nono ya kwanta, nono kuwa ba ya karya wannan dafi.

Sabo da haka, kai mai gona, ka tafi gonar da kanka ba tare da ka aika ba. Ka ce a kawo maka safar hannun. In damina ta yi nisa ka same ta sabuwa fil, ba a sa ta ke nan. Ka dubi bayan rigar mai goyon tankin feshi. In ta jiƙe tana warin magani, tankin yana yoyo. Ka tsaya har bakin feshin ya toshe, ka ga abin da yaro zai yi. In ya kai shi baki ya hura, lalle dokarka ba ta shige shi ba.

Sa'an nan ka ajiye littafi, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Duk wanda ya tashi daga aiki da ciwon kai a rubuta ranar, da maganin da ya fesa, kuma a biya shi kuɗin yininsa. In ka ga littafin ya soma cika a watan farko, kada ranka ya ɓaci, yaran ne suka fara gaya maka gaskiya. Ni dai littafin da ya shekara fari fat shi ya fi ba ni tsoro. Abin da za ka duba shi ne ko rubutun yana raguwa bayan ka gyara tankin.

Saura kwalabe. In ka sayi goma, a nuna maka goma, a huda su, don kada su koma gida a zuba man gyaɗa. Kayan feshi kuma a wanke su dabam, ba da na yara ba. Ku tuna da Zamfara cikin 2010, inda masu haƙar zinariya suka riƙa kai dutse gida ana daka shi, dafin dalma ya kashe yara fiye da 400 waɗanda ba su taɓa shiga rami ba.

In kuwa yaro ya faɗi a gona, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar maganin, don malamin asibiti ya karanta sunan.