Ogunpa Da Mu Mazauna Sabo: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya Kafin Faɗuwar Damina



Jama'a, yau maganar ruwa ce ta tara mu. Tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo a nan Badun, kusa da Mokola. A nan aka haifi yawancinmu, a nan shagunanmu suke. Saboda haka duk abin da ya taɓa garin nan ya taɓa mu, kuma babu abin da ya daɗe yana taɓa shi kamar kogin Ogunpa.

Da rani in ka ga Ogunpa sai ka raina shi. Ɗan rafi ne da ya taso daga arewa maso gabashin gari, ya bi ta Agodi da Mokola, ya ratsa tsakiyar kasuwanni, ya gangara Oke-Ado da Molete, sannan ya faɗa kogin Ona. To amma garin nan kan tuddai yake. In aka yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka kan tuddan nan kwari yake nufa a guje, kwarin kuwa shi ne Ogunpa.

Ya yi ambaliya a 1960 da 1963, ya sake a 1978. Amma wadda dattawanmu ba sa mantawa ita ce ta ranar 31 ga Agustan 1980, zamanin Gwamna Bola Ige. Mutane fiye da 100 suka rasu, dubbai suka rasa matsuguni, lambun shaƙatawa na Agodi ya lalace. Maƙwabtanmu Yarabawa suka sa mata suna Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Bayan wannan ne gwamnati ta ɗauki aikin faɗaɗa hanyar kogin da ɗaure ta da kankare, aikin da ya ci shekaru masu yawa.

Da yawa sun ɗauka shi ke nan, an gama. Sai ga daren 26 ga Agustan 2011. Wannan karon ɓarnar ta fi yawa ta ɓangaren kogin Ona. Madatsar ruwa ta Eleyele, wadda aka gina a kan Ona tun 1942 don ba gari ruwan sha, ta cika ta tumbatsa. Gadar Apete ta karye, unguwanni irin su Odo-Ona suka nutse, aka sake rasa rayuka fiye da 100. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 don gyaran madatsar da gadoji da magudanan garin.

Ga abin lura a nan, jama'a. Ruwan da aka auna a daren 2011, wajen milimita 187, bai kai na 1980 ba. To me ya sa ɓarnar ta kai haka? Saboda gari ya canza. An sare itatuwan kan tuddai da ke rage wa ruwa gudu. An shafe filaye da siminti, ƙasa ba ta samun shan ruwa. An yi gine-gine har bakin rafi. Sannan ga uwa-uba, shara. Leda da robar ruwa da ɓawon kayan gwari su taru ƙarƙashin gada su toshe ta, ruwa ya rasa hanya, sai ya nemi ta cikin ɗakunan mutane.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Wani zai ce ai gidansa na tudu, ruwa ba ya kai masa. To sharar da yaronka ya juye a kwata lokacin da hadari ya haɗo, ina ta nufa? Gangarawa take yi ta toshe wa na ƙasa. Na ƙasan nan kuwa har da 'yan'uwanmu masu shaguna da rumfuna a bakin kogi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ƙungiya na roƙon abu huɗu. Na farko, kowane layi ya fito aikin gayya a yashe kwatoci kafin ruwa ya kankama, a kuma kwashe abin da aka yaso, kada a bar shi a gefe ya koma. Na biyu, iyaye mata a hana yara zuba shara a magudana. Na uku, kada kowa ya sayi fili ko ya kama shago a bakin rafi don araha, sai ya bincika a ofishin tsara gari. Na huɗu, direbobinmu da 'yan acaɓa, in ruwa ya hau gada a dakata, lodi bai kai rai ba. A tuna manyan ambaliyoyin nan biyu duk a ƙarshen Agusta suka zo.

Gwamnati na da nata aikin, za mu kuma ci gaba da tuna mata ta hannun shugabanninmu. Amma kwatar ƙofar gidanka, wannan taka ce. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da maƙwabtanmu.